KIFIN SALMUN DA AMANAR RUWA

Makon nan za mu yi nazari a kan wani kifi da ake kira salmun, wanda ake samu a ƙasashen sanyi kamar Norwe da Kanada.

Shi wannan kifi a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya shekara ɗaya zuwa uku ko fiye a cikin kogi, sa'an nan ya gangara teku. To, ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35 a kowace lita, wanda zai tsotse ruwan jikin ɗan kifin da bai shirya ba, ya halaka shi. Saboda haka tun yana kogi ake yi masa guzuri. Idan sanyi ya wuce, yini ya fara tsawo, sai wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwarsa ta ƙara fitar da sinadarin girma. Sinadarin nan shi ke tayar da waɗansu ƙwayoyin gado, su sake shirin kafofin numfashinsa na gefen kai, har su iya fitar da gishiri. Launinsa ma sai ya koma kamar azurfa.

Abin lura shi ne, a wannan lokaci ne ya fi rauni. A kudancin Norwe, hayaƙin masana'antu ya sa ruwan sama ya yi tsami, ya narko alminiyam daga ƙasa, ya lalata kafofin nan, har salmun ya ƙare a koguna da dama. Sai da hukuma ta riƙa zuba farar ƙasa a kogunan kafin ya dawo.

Wannan darasi ba baƙo ba ne gare mu. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, galibinsu ba su kai shekara biyar ba. Jikin da ake cikin ginawa shi guba ta fi yi wa illa, na kifi ne ko na ɗan Adam.

Don haka, ya kai ɗan kasuwa mai sayen zinariya, tambayi inda ake niƙa dutsen da inda ake wanke shi. Kai kuma ma'aikaci, kada ka sa hannu a takardar da za ta bari a zuba dauɗa a Gulbin Zamfara, domin abin da aka zuba a sama, mutanen Gummi ne za su sha.

Allah Ya sa mu gane. Wassalam.