Telan Kaduna, Daina Jiran Mai Yadi!

Jama'ar Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Malali da Badarawa zuwa Tudun Wada da Rigasa! Maganata a kan suturar da ke jikinmu ce, da masu ɗinka ta, da kuɗin da ke ficewa daga garin nan kowace sallah muna ji muna gani.

Ku leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Ledojin yadi sun kai rufi, kowace da sunan mai ita a guntun takarda an soke da fil. Janareto na ruri a bakin ƙofa, keken surfani bai huta ba tun da aka sauko daga tarawihi, yaron shago na gyangyaɗi da allura a hannu yana sa aninai. Maigida ya kashe waya, ya gaji da cewa "gobe in sha Allahu." To, ku koma shagon nan mako uku bayan babbar sallah. An lulluɓe kekuna, almakashi na rataye a ƙusa, maigidan na kan benci yana duban hanya ko Allah zai kawo mai yadi. 'Yan makonni ana kwana a kan keke, sauran shekara ana zaman jira. Sana'ar da ke tafiya haka ba ta riƙe gida yadda ya kamata, kuma ba ƙaddara ba ce, tsari ne da muka saba da shi.

A wannan lokacin da telanmu ke zaune, ku shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ku ga abin da ake rububi. Abaya daga Dubai da Sin, jallabiya, kayan yara na Turkiyya. Ku gangara Kasuwar Barci ku ga yadda ake fasa dilar gwanjo mutane na wawa. Wanda ya yanka abayar nan bai taɓa ganin Hajiyar da za ta saka ta ba, bai auna kafaɗarta ba, bai san ko ina ne Unguwar Sarki ba. Amma tun watanni da suka wuce ya zauna ya yanke shawarar launin da za ta so da irin hannun da zai burge ta, ya ɗinka dubbai, ya turo. Ba ƙwarewar hannu ya fi telan Kaduna ba. Abin da ya fi shi guda ne: bai jira an kawo masa yadi ba.

Kada wani ya ce mana ɗinka kaya a kai kasuwa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa, aka rina, aka ɗinka a can suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Turkudin garin Kura Buzaye ne ke sayensa a Agadas. Maɗinkin da ya kwashe watanni yana fitar da aska takwas a kan babbar riga a birnin Zariya sau da yawa bai san wuyan da za ta shiga ba. Dillali ne zai ɗauka, fatake su wuce da ita. Har gobe haka muke sayen hula. Ka tsaya gaban mai huluna ka ce "ba ni lamba 22," ya zaro maka zanna bukar ko damanga, ka ɗora a ka, ka biya, ka tafi. Me zai hana kaftani da doguwar riga su samu lambarsu?

Kuma garin nan ba baƙon tufa ba ne. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, dubban magidanta suka ci abinci a ƙetaren kogin Kaduna. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Mun yi kuka, kuma kukan na kan hanya. Sai dai tayar da masaƙa aikin biliyoyi ne da wutar lantarki da manufar gwamnati, ba ya hannun ni da kai. Abin da ke hannunmu yau shi ne keke da almakashi da basira, kuma su ba su rufe ba.

Ga yadda masu harkar ɗinka kaya a kai kasuwa ke fitar da jerin kaya, don kada a ɗauka wani sirri ne. Da farko mutum ya san wa zai ɗinka wa. Ma'aikaciyar asibiti ko ta banki da ke son rigar da za ta rufe mata jiki, ta kuma bar ta ta yi aiki? Ɗalibin jami'a mai son kaftani marar nauyin aiki? Yaran da iyayensu ke fama da su ranar jajibere? Ka zaɓi ɗaya, kada ka ce kowa naka ne. Sai ka zana. Ba hoton wani za ka ciro daga Instagram ka kwaikwaya ba, fensir za ka ɗauka ka fitar da samfuri shida ko takwas waɗanda in an jera su za a gane ɗaki ɗaya suka fito: launukan sun dace da juna, akwai wani salon wuya ko aikin zare da ke bin su duka. Daga nan a je neman yadi, a taɓa shi, a jiƙa ƙyalle a ga ko yana zuba ko yana tsukewa, tun kafin a sari bandir.

A nan ne aikin ya rabu da wanda muka saba. Telanmu yakan ɗora tef a jikin mutum, ya ja alli a kan yadi, ya yanka, awon kuma ya tafi da mai rigar. Mai fitar da jerin kaya a kan takarda mai kauri yake fara yankawa: gaba, baya, hannu, wuya, aljihu, kowane da alamarsa. Ya ɗinka guda ɗaya na gwaji da yadi mai araha, a saka, a zauna da shi, a ɗaga hannu, a sunkuya kamar za a yi ruku'u. Inda ya matse a buɗe, inda ya yi jaka a rage, a gyara takardar. Sai ta zauna daram sannan a faɗaɗa ta zuwa ƙarami da matsakaici da babba da na ƙarshe. Takardun nan su ne dukiyar shago. Da su yaron da ka koya wa aiki zai yanka riga ashirin iri ɗaya ko kana Kantin Kwari na Kano wajen sari. Da su za ka san yadda za ka jera yanka a kan yadi har abin da ke zuba ƙasa ya ragu, domin ƙyallen da ake sharewa da dare kuɗi ne.

Sai lissafi, inda da yawa daga cikinmu ke faɗuwa. A rubuta komai: yadi nawa ya ci, zare, zif, aninai, lilin, kuɗin surfani, man janareto, guga, leda, hayar shago, ladan yara. A sa ladan kai ma, domin zaman da ka yi kana zane aiki ne. Bayan nan a ɗora riba. Wanda ya yanke farashi da ka don kada a ce ya cika tsada, zai wayi gari ya sayar da komai amma babu kuɗin sake sari. A ƙarshe a ɗinka sunanka da sunan Kaduna a bayan wuyan kowace riga. In ta yi kyau a san wanda za a nema, in ta ɓaci a san wanda za a kama. Sunan nan shi ke sa mutum ya tsaya ya duba kalmasa sau biyu.

A Faris da Milan tun watanni kafin lokaci ake nuna kayan da za a saka. Mu ma muna da namu kalandar, kuma kowa ya san ta: ƙaramar sallah, babbar sallah, hunturu, zafin bazara, komawa makaranta, lokacin bukukuwa da haɗa lefe. Kayan ƙaramar sallah a gama zana su a Rajab, a ɗauki hotonsu da hasken rana a Sha'aban, a watsa a WhatsApp da Facebook, a karɓi oda da kafin alƙalami, a ɗinka cikin natsuwa. Ba sai an fara da ɗari ba. Goma ma farawa ce, wanda ya ƙare a ƙara shi, wanda ya ƙi tafiya a sauke masa farashi a koyi darasi. Jirgin ƙasa na tashi daga Rigasa zuwa Abuja, motocin Kano da Zariya da Katsina na tashi daga Kawo kullum. Kasuwar ba ta tsaya a layinku ba.

Wanda ke ganin abin ya fi ƙarfin mutumin Sahel ya dubi Alphadi na Nijar, wanda a 1998 ya tara manyan masu zanen tufafi na duniya a cikin hamada kusa da Agadas, ya kafa bikin FIMA. Legas ta fara makon nuna tufafinta a 2011, yau masu saye daga ƙasashen waje na zuwa. Mu kuwa muna da sashen koyar da zanen tufafi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, muna da sashen zane-zanen masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello, muna da kasuwar baje koli ta duniya a kan hanyar Zariya. Ɗalibin da ya iya takarda bai cika zama a kan keke ba, ogan da ya shekara talatin a kan keke bai taɓa yanka takarda ba. Ku nemi juna! Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai zane, mai yanka, mai surfani, mai guga da yarinyar da ta iya ɗaukar hoto da waya, in kuka haɗu kun zama kamfani.

Iyayena mata da ke ɗinki a cikin gida, wannan kira naku ne kafin na kowa. Hijabi da kayan jarirai da rigunan 'yan mata ba sa buƙatar shago a bakin titi. Alhazan kasuwa, ku ware rataya ɗaya a shagunanku ga ɗinkin garin nan, ku biya a kan lokaci. Shugabannin ƙungiyoyin teloli, ku zauna ku daidaita awo, ta yadda matsakaicin Kawo zai zama matsakaicin Tudun Wada, mai saye ya amince da lamba. Teloli kuma, gaskiya ɗaya ce: saɓa alkawari ya ci mana mutunci, kuma shi ya tura mutane da yawa wajen kayan kanti. Wanda ya ce Laraba, ya cika Laraba.

Sauran mu masu saye. Mukan biya kuɗin abayar waje ba tare da ko tari ba, amma in 'yar maƙwabta ta kawo wadda ta zana da hannunta sai mu ce "haba, ke da ba ki biya kuɗin jirgi ba?" Mu daina. Ba na ce a sayi aikin banza don kara ba. A juya rigar, a duba cikinta, a ja ɗinkin, in akwai gyara a faɗa mata a fuska. In ta yi kyau a biya ta cikakke, kuma in an tambaye ka a wajen biki ka faɗi sunan wadda ta ɗinka.

Malam tela, a makon nan ka sayi takarda mai kauri da fensir, ka fitar da samfurinka na farko. Alhaji, Hajiya, cikin kayan sallar bana na gidanku, ko da kala ɗaya ne, ku tabbata yana ɗauke da sunan wani ɗan Kaduna a wuyansa.