Yadda maye gurbin koci ɗaya ya sauya makomar manyan jami'o'i biyu a ƙwallon Amurka

Ranar 1 ga Nuwamban 2025, Jim Knowles ya koma birnin Columbus na jihar Ohio a matsayin baƙo. Wata tara kafin nan shi ne ke tsara tsaron bayan ƙungiyar Jami'ar Ohio State, har suka ɗauki kofin ƙasa tare. A wannan karon da rigar Penn State ya zo, kuma tsofaffin yaransa suka lallasa sabuwar ƙungiyarsa da maki 38 da 14.

Wasan ya sake tayar da muhawarar da aka fara tun watan Janairu: tsakanin jami'ar da ta zuba kuɗi ta ɗauke gwani, da wadda ta maye gurbinsa da mutumin da ake ganin tauraronsa ya dushe, wace ce ta yi dabara?

Me ya sa muƙamin ke da nauyi?

Ƙwallon Amurka ba irin tamaular da aka saba gani ba ce. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, amma kowace ƙungiya tana da rukuni na musamman na masu kai hari, da wani rukunin daban na masu tsare baya. Idan ƙwallo ta kuɓuce daga hannun ƙungiya, sai masu harin su fita, 'yan baya su shigo. Kowane rukuni da nasa kocin a ƙarƙashin babban koci.

Kocin 'yan baya shi ke zaɓar yadda za a tsaya kafin kowace tashi, sau 60 ko 70 a wasa guda. Tun daga kakar 2024 ma an ba shi damar yi wa ɗan wasa ɗaya magana kai-tsaye ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa. Ke nan rabin wasan a hannunsa yake. A jami'o'in da filayensu ke cin mutum sama da 100,000, kamar waɗannan biyun, kuskure wajen zaɓar wannan mutum kan iya cin kujerar babban koci.

Rabuwar da ta zo ba zato

Ranar 20 ga Janairun 2025 Ohio State ta doke Notre Dame 34 da 23 a Atlanta, ta zama zakaran ƙasa. Tsaronta ne mafi ƙarfi a kakar, domin abokan karawa ba sa wuce kusan maki 13 a kowane wasa. Mako ɗaya bai cika ba aka ji Knowles zai koma Penn State a kan kwantiragin shekara uku, da albashin kusan dala miliyan 3.1 a shekara, wanda babu mataimakin kocin jami'a da ya taɓa samun irinsa kafin lokacin.

Akwai batun gida, tunda shi ɗan Philadelphia ne a jihar Pennsylvania. Akwai kuma rahotannin da suka nuna cewa tun bayan da Oregon ta doke su 32 da 31 a Oktoban 2024, babban koci Ryan Day ya ƙara sa hannu a harkar tsaron, abin da ba kowane gwani ke so ba.

Lissafin Penn State a bayyane yake. Kocinta James Franklin ya kai ƙungiyar wasan kusa da na ƙarshe, inda Notre Dame ta cire su 27 da 24. Mai tsara masa tsaro, Tom Allen, ya tafi Clemson. Shi kuwa Franklin sau ɗaya tak ya taɓa doke Ohio State a karawa 11. Ɗauko Knowles jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya: ka ƙarfafa gidanka, ka raunana maƙwabcin da ya hana ka sakat.

Zaɓin da ya jawo surutu

Day yana da hanya mai sauƙi, wato ya ɗaga wani daga cikin mataimakan da suka san tsarin. Sai ya ɗauko Matt Patricia a watan Fabrairu, kuma magoya baya da yawa ba su ji daɗi ba.

Suna da hujja. Patricia ya jagoranci tsaron New England Patriots daga 2012 zuwa 2017 a ƙarƙashin Bill Belichick, suka ɗauki kofin Super Bowl biyu a lokacin. Amma abin da ya biyo baya ba daɗin ji. A Detroit Lions ya ci wasa 13, aka doke shi 29, da canjaras ɗaya, aka sallame shi a 2020. A 2022 Patriots ta ba shi ragamar masu hari, aikin da ba nasa ba, abin ya lalace. A ƙarshen 2023 ya karɓi tsaron Philadelphia Eagles tana cikin zamewa, bai iya tare ta ba. Shekarar 2024 a gida ya yi ta. Rabonsa da horar da ɗaliban jami'a kuwa tun 2003 a Syracuse.

Ga kuma giɓin 'yan wasa. Takwas daga cikin 'yan baya 11 da ke fara wasa sun wuce gasar ƙwararru ta NFL, har da duka huɗun da ke sahun gaba.

Abin da masu sukar ba su kula da shi ba shi ne yadda Day ya tsara naɗin. Bai bar Patricia ya zo da tawagarsa ya share kowa ba. Ya riƙe Larry Johnson mai horar da 'yan sahun gaba, ya ɗaga Tim Walton zuwa abokin aikin Patricia, ya ƙara wa Matt Guerrieri, wanda ya daɗe yana aiki da Knowles, matsayi. Don haka yaran ba su tashi da sababbin fuskoki ta ko'ina ba. Sabon abu ɗaya ne ya shigo: dabarar ɓad-da-kama irin ta NFL, inda 'yan baya ke nuna wa mai jefa ƙwallo wata tsayuwa, da zarar an tashi wasa sai su rikiɗe zuwa wata. Dabara ce da ke buƙatar ɗan wasa mai saurin fahimta, kuma a kakar 2025 Ohio State tana da Caleb Downs da Sonny Styles. Patricia, wanda digirinsa na injiniyan jiragen sama ne, ya kuma gano yadda zai riƙa jujjuya Arvell Reese tsakanin tsakiya da gefe.

A wasan farko, ranar 30 ga Agusta, Texas da ke matsayi na ɗaya a ƙasar ta tashi da maki 7 kacal, Ohio State na da 14. Daga nan zuwa karawar Penn State babu ƙungiyar da ta ci su sama da maki 16.

Inda lissafin Penn State ya goce

Za a yi wa Knowles rashin adalci idan aka ɗora masa duk laifin, domin masu harin ƙungiyar ma sun gaza. Sai dai tarihinsa ya nuna cewa tsarinsa kan ɗauki lokaci kafin ya kama. A Oklahoma State sai a shekararsa ta huɗu, 2021, tsaron ya kai ƙololuwa. A Ohio State ma, shekararsa ta farko Michigan ta zura musu maki 45, Georgia ta zura 42.

Penn State ba ta da wannan lokacin. Ta fara kakar a matsayi na biyu, da manyan 'yan wasan da suka jinkirta tafiya NFL domin su ɗauki kofi a kakar 2025. Oregon ta doke su a gida bayan ƙarin lokaci. Mako guda bayan haka UCLA, wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba a lokacin, ta zura musu maki 42. Sai Northwestern ta ƙara da 22 da 21. Washegari, 12 ga Oktoba, aka kori Franklin bayan kusan shekara 12 a kan aiki, da haƙƙin sallama da aka ƙiyasta ya kusa dala miliyan 50.

Jami'ar ta sayi ƙwararre na gaske, amma ta buƙaci ya yi cikin wata takwas abin da ya saba yi cikin shekara biyu zuwa huɗu. Bayan korar Franklin, makomar Knowles ta koma hannun sabon babban koci, kuma galibi sabon koci da mutanensa yake zuwa.

Shi ma Patricia bai gama haye siraɗi ba. Ya gaji 'yan wasan da kowane koci zai yi kwaɗayinsu, kuma sai bayan tafiyarsu NFL za a ga abin da zai iya ginawa da kansa. Bayan karawar Penn State, babban gwajin da ya jira shi shi ne wasan 29 ga Nuwamban 2025 a Ann Arbor. Kafin wannan wasan, Michigan ta doke Ohio State sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, uku daga ciki Knowles ne ke riƙe da tsaron.