Hunturu ya ƙarato: a duba 'yar motar kafin a kama hanyar Arewa

 Da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, 'yan uwanmu na Hambug da Niyok sukan fara zancen tayar ƙanƙara da ruwan lagireto mai hana daskarewa. Mu a Ankara sai mu yi dariya, mu ce wannan damuwarsu ce. To gaskiya ne ƙanƙara ba ta sauka a Nima ko Maamobi. Amma muna da namu sanyin, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da ƙura yake tafe. A ganina, ƙurar nan ta fi sanyin kansa cutar da ƙaramar mota.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris iska takan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta bazo mana har bakin teku. Lokacin kuma ya zo daidai da cikar kasuwa. A Disamba Makola ba masaka tsinke, Hajiya na son a sauke mata dilolin atamfa tun da asuba, Alhaji kuma na shirin kai iyali gida: Tamale, Bolgatanga, Bawku, wasu har su tsallaka Paga. Daga Ankara zuwa Tamale kusan kilomita 600 ne. 'Yar Vitz ko Picanto da ta saba zirga-zirga tsakanin Nima da Makola, a nan ake gane lafiyarta.

A fara da matatar iska, wadda makanikai ke ce wa filta. Inji numfashi yake yi kamar mutum. In filta ta toshe da ƙura, sai mota ta yi nauyi, kana taka totur tana jan ƙafa. A buɗe ta a ɗaga wa rana. In haske ba ya ratsa ta, a sake sabuwa. Kada a yarda yaron gareji ya yi ta hura mata iskar inji da ƙarfi, takardar takan yage, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji. Akwai kuma ƙaramar filtar iyakwandishan, a yawancin motocin nan tana bayan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza. Duk mai ɗaukar yaro mai asma ko tsoho mai tari, ya kula da ita.

Sai baturi. Sanyin asuba ba ya kashe lafiyayyen baturi, asirin gajiyayye yake tonawa. A Arewa zafin rana yakan wuce digiri 30, da asuba kuma ya sauko ƙasa da 20. Baturin da ya haura shekara 3 a zafin ƙasar nan, a kai shi a gwada. Cikakken baturi yakan nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tamau.

Na uku shi ne inda na fi samun gardama da makanikanmu. Yawancin motocinmu ta tashar Tema suka shigo, daga Amurka, Turai, Koriya ko Japan. Mota na sauka sai wani ya ce: "Alhaji, a cire tamostat ɗin nan, na ƙasar sanyi ne." Ba haka ba ne. Aikinsa shi ne ya sa inji ya ɗumama da wuri, ya kuma tsaya a zafin da ya dace. In an cire shi, inji ya daɗe bai yi ɗumi ba da safe, ya sha mai, ya ci kansa a hankali. Haka zuba ruwan famfo zalla a lagireto: tsatsa ce kake kiwo. Ruwan nan mai launi ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa kamar ruwa zalla. Sannan kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ko da wa ya ce a buɗe.

Taya kuwa, a nan sanyin Turai ke biyo mu har Abossey Okai. Cikin tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su akwai na lokacin ƙanƙara. Alamarsu hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Robarsu taushi gare ta, an yi ta don sanyi. A kwalta mai zafi tsakanin Kintampo da Tamale, da kaya a but da iyali a baya, saurin cinyewa take. Araha ba ta ado. A duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba. Kar a manta da safaya da jak.

Abu na ƙarshe shi ne gani. Kada a kunna waifa a busasshen gilashi mai ƙura, karce shi take yi, da dare kuma fitilar mai zuwa ta watsu a idonka. A cika tulun ruwan wanke gilashi, a riƙe tsumma da galan guda na ruwa. Cikin hazo ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar dawo maka da haske take yi. Ga kuma hayaƙin ƙunar daji a gefen titi a wannan lokaci. In ba ka ga gabanka sosai ba, kar ka wuce babbar mota, ko da yara na cewa an gaji. Alamar tsayawa mai kusurwa uku da tulun kashe gobara su kasance a mota, ba don 'yan sandan hanya kaɗai ba.

Hajiyoyinmu masu mota da direba, kuɗinku ne da kayanku a ciki. Ku ce a kawo muku tsohuwar filtar da aka cire ku gani da idonku, ku tambayi shekarun baturi da na tayoyi. Ba rashin yarda ba ne, lissafi ne irin na kanti.

Shawarata, a ware wuni guda kafin Disamba ta shiga, a kai mota wurin makanikin da aka sani, a Kokompe ne ko a unguwa. Kuɗin filta da ruwan lagireto bai kai na janwe daga daji ba, balle kwana a gefen titi da jariri cikin sanyi. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.