Abinci Ba Giya Ba Ne

Yau ba labari na kawo muku ba, ƙorafi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in fara da kaina.

Na yi shekaru ina fama da wani ciwo da ban san sunansa ba. Da rana sai in ƙi cin komai, dare na yi in rufe ƙofa in cinye abincin mutum uku a tsaye, cikina na ciwo amma na kasa tsayawa. In gama in zauna ina kuka. Lokacin ina karatu a Amurka, sai wata ƙawata ta kai ni wani zaure na masu bin "matakai goma sha biyu". Irin waɗannan ƙungiyoyin suna da yawa, ba zan faɗi wacce na shiga ba.

Ga asalin abin. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo, Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa Alcoholics Anonymous don mashaya su taimaki juna su bar giya. A 1939 suka fitar da littafin da ke ɗauke da matakan. Na farko shi ne mutum ya amsa cewa abin ya fi ƙarfinsa. Daga nan ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya binciki laifukansa, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta, ya taimaki wani. A 1960 wata mata a Los Anjelas ta ɗauko tsarin ta ɗora a kan abinci, aka sami Overeaters Anonymous.

Ba zan yi butulci ba. Ranar da na ji wata tsohuwa tana ba da labarin yadda take ɓoye ledojin biskit a ƙarƙashin gado, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ashe ba ni kaɗai ba ce! Ba a biyan ko sisi, ba mai yi maka dariya, kuma akwai wadda za ki buga wa waya da tsakar dare. Wannan alheri ne babba.

To ina matsalar take? Ginshiƙin tsarin shi ne ƙauracewa. Ga mashayi, maganin kar a yi kar a fara: ya bar kwalba har abada, ya rayu lafiya. Wai shin wa zai bar abinci? Sau uku a rana sai kin zauna gaban abokin gabar taki. Overeaters Anonymous ba ta tilasta wa kowa wani tsarin ci, gaskiya ne. Amma akwai ƙungiyoyin da suke haramta sukari da fulawa baki ɗaya, su sa a auna kowace loma a sikeli. Irinsu na faɗa. Na yi kwana arba'in ina ƙirga ranakun "tsarki", sai a wajen wani suna na ci cincin guda biyu. Aka ce lissafina ya rushe, in koma rana ta ɗaya. A daren na ce tunda an riga an ɓata, bari in ɓata da kyau. Ban taɓa ci irin na ranar ba.

Masu kare tsarin za su ce ai bincike ya tabbatar da shi. Na giya ne, jama'a! Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020 ta nuna tsarin yana taimaka wa mashaya su daina sha. A kan abinci kuwa binciken kaɗan ne, kuma yawancinsa jin ta bakin mambobin da suka dawwama ne. Wadda ta gudu da kunya irina, wa ya tambaye ta?

Sai daga baya na san ciwon yana da suna a likitance. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da shi a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013: cin da ya wuce kima tare da kasa tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Maganin da ya fi hujja shi ne zama da ƙwararre a gyara tunani da ɗabi'a. Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oksfod ya shimfiɗa hanyar a littafinsa na 1995: a ci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku, kada a wuce awa huɗu da yunwa, sannan a dawo da abincin da ake tsoro kaɗan-kaɗan. Dalili kuwa, takura da yunwa su ne makamashin wutar. Kun ga kenan, abin da zauren ya kira magani shi ne yake hura mini ciwon.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai son zauren ta je don zumunci, ta sami masu saurarenta. Amma kada ta ɗauke shi asibiti, kada kuma ta yarda wadda ba likita ba ta tsara mata abin da za ta ci. In an ce miki loma ɗaya ta rusa ki, tashi ki ɗauki jakarki ki nemi ƙwararre.

Yau da cincin a kicin ɗina, cikin roba, kuma yakan kai mako biyu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.