Ko likitocin da Katsina ke horarwa a Masar za su zauna gida?

Rasuwar tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari a wani asibiti a Landan a 2025, kafin a kai gawarsa Daura, ta sake tayar da batun halin da asibitocin ƙasar ke ciki.

Gwamnatin Dikko Radda, wadda ta hau mulki a 2023, ta tura ɗalibai Masar karatun likita da kuɗin jihar Katsina.

To amma horarwar ita ce mai sauƙi. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar.

Sharaɗin yi wa jiha aiki zai iya tsayar da sabon likita a Daura na wani lokaci, amma da zarar wa'adin ya cika, albashin Saudiyya da Birtaniya na jiransa.