Jinjiri ba soja ba ne: a rubuta ƙa'idar hoton fasfo a bango

Sau ukku na kai hoton ɗiyata, mai kwana 50 a duniya, wani buro domin a yi mata fasfo, sau ukku aka maido mini shi. Ran farko aka ce idonta a rufe yake. Ran na biyu aka ce bakinta a buɗe. Ran na ukku aka ce yatsun uwarta sun fito a bayan wuyanta. Likita kuwa ya riga ya ce sai an fitar da ita waje a yi mata aikin zuciya, kuma an ba mu rana. Ina fitowa, wani saurayi da ke zaune bakin ƙofa ya biyo ni, ya ce in na ba da na goro, hoton nan da aka ƙi zai wuce yau. A nan na gane cewa ruwa ba ya tsami banza.

Na san akwai masu cewa wannan kukan masu hali ne, ina talaka ina fasfon jinjiri? Ga amsarsu. A da ana rubuta sunan yaro cikin fasfon uwarsa, a wuce. Wannan ƙofa tana rufewa a duniya. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa ƙasashe fasfon da na'ura ke karantawa tun daga Afrilun 2010, ta kuma sa ranar 24 ga Nuwamban 2015 ta zama ƙarshen fasfon rubutun hannu. Tarayyar Turai, tun ranar 26 ga Yunin 2012, ta ce kowane ɗanta ya riƙe nasa, ko da jiya aka haife shi. Saboda haka matar ɗan kasuwa daga Maraɗi da za ta Umra da goyo, da malamar Damagaram da aka tura ƙaro ilimi, da manomin Tawa da ya sayar da gona domin maganin ɗansa, duk layi ɗaya suke bi.

Ba mu da ja da wannan tsari, domin yana toshe hanyar masu satar yara. Abin da muke ja da shi shi ne ƙa'idar da ke cikin kan ma'aikaci, ba ta kan takarda. A Ingila hukuma ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa yaron da bai kai shekara 1 ba, ba dole ne idonsa ya kasance a buɗe ba, wanda bai kai shekara 6 ba kuma ba a tilasta masa ya dubi na'urar hoto ko ya daidaita fuska. Ana iya tallafe kan jinjiri, muddin hannun bai fito ba. A Amurka shawarar hukuma ita ce a kwantar da shi bisa farin zane, a ɗauke shi daga sama. To, su da suka ƙera na'urorin sun yi wa jinjiri rangwame, mu ne za mu ce ya ƙame kamar soja a fareti? Na yarda, maganar yatsun uwa tana da hujja. Amma me ya hana a gaya mini tun ran farko? Ka'idar da ake fitarwa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga canji, kasuwa ce aka buɗe wa ƴan bakin ƙofa.

Mu ma iyaye muna da namu laifi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tushen fasfo takardar haihuwa ce. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa yara 64 cikin 100 ne aka rubuta haihuwarsu a Nijar. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a je a shaida haihuwa. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai gaban alƙali. Magidanci ya sami kuɗin rago da goron suna, amma ya kasa taka ƙafa ya rubuta ɗansa, sai ranar da ciwo ya zo ya fara gudun neman shaidu.

A Janairun 2025 ƙasashen AES suka fice daga CEDEAO, suka ba da sanarwar sabon fasfo. Sauya bango abu ne mai sauƙi. Hali muke jira a sauya. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. A rubuta jerin takardu da kuɗi da ƙa'idar hoton jinjiri, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a liƙa a ƙofar kowane buro, a karanta a rediyo. Ma'aikacin da ya ƙi hoto ya rubuta dalilansa duka a lokaci ɗaya, ya sa hannu. Kowace dala da aka karɓa a ba da takardar shaida. Yaron da ke riƙe da takardar likita kuma a ba shi hanyar gaggawa, domin ciwon zuciya ba ya jiran a dawo gobe.

Ɗiyata ta samu fasfonta a karo na huɗu, ban ba kowa sisi ba, amma sai da aka ɗage ranar aiki. Wa zai biya ta waɗannan kwanaki?