Jarumin da Ke Aiki a Duhu: Me 'Ya'yanmu Ke Koya a Shagon Gem?

Yawancinmu mun san shagunan gem na cikin gari, inda yara kan biya kuɗi su zauna gaban talabijin da na'urar PlayStation. Mun ɗauka ƙwallon ƙafa kaɗai ake bugawa a can. To, akwai wani irin wasa da aka ciro daga finafinan jarumai masu rufe fuska, kuma darasin da ke cikinsa ya shafe mu.

A shekarar 2005 aka fito da fim ɗin Batman Begins, wanda Christopher Nolan ya ba da umarni. Labarin wani attajiri ne da aka kashe iyayensa a gabansa tun yana yaro. Da ya girma sai ya shiga shigar jemage, yana farautar miyagu da dare. A shekarar ce kamfanin Eurocom na Ingila ya mai da fim ɗin wasa, ana buga shi a PlayStation 2. A cikin wasan, yaro ba ya tunkarar masu bindiga gaba da gaba, domin nan take za su harbe shi. Sai ya laɓe, ya bi ta sama, ya ɓalle wani abu ya faɗo don ya firgita su. Akwai ma'aunin tsoro a jikin allo. In ya hau, sai su zubar da makamansu, shi kuma ya far musu, ya damƙi ɗaya ya matsa shi har ya faɗi sirri. Wasan Batman: Arkham Asylum na 2009 ya ƙara goge wannan salo, haka ma The Amazing Spider-Man na 2012, wanda shi ma daga fim aka ciro shi.

Gaskiya ɗaya ce, wasannin nan ba sharri ne zalla ba. Suna koya haƙuri, da lura, da yin shiri kafin a ɗauki mataki. Batman ma ba ya riƙe bindiga. Ba mu kuma ce duk yaron da ya buga zai lalace ba. Damuwarmu tana kan abin da labarin ke nanatawa: hukuma ta gaza, saboda haka mutum ɗaya zai rufe fuska ya zama shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, tsoro kuma shi ne makaminsa. Yaron da ya yi awa biyu yana samun maki saboda ya tsorata mutane a duhu, ya kamata wani babba ya tambaye shi me ya fahimta.

Mu da muke 'yan tsiraru a nan mun san tsadar wannan tunani. In matasa suka saba ɗaukar doka a hannunsu saboda jita-jita, marasa yawa ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu. Mun kuma ga yadda rikicin manoma da makiyaya a yankunan Guri da Kirikasamma kan ƙara muni duk lokacin da wani ya bi dare don ramuwa. Zamanmu lafiya ya dogara ga ƙarar da aka kai da rana, gaban mai unguwa, ko hakimi, ko kotu, da shaidu.

Mu tuna ambaliyar 2020 da ta 2022. Da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da sauransu, ba wani jarumi da ya sauko daga sama. Jama'ar gari ne suka fito aikin gayya, suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaure jinga, kowa na ganin fuskar ɗan'uwansa. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba. Wannan ita ce jarumtakar da muke so yaranmu su gada.

Me za mu yi ke nan? Hani da bulala kawai zai koya wa yaro laɓewa daga gare mu, abin da wasan ya riga ya gwanance da shi. Gara mu san abin da suke bugawa. Hukumar ESRB ta Amurka, wadda aka kafa a 1994, tana sa harafi a kan kwali: T na 'yan shekara 13 zuwa sama ne, M kuma na 'yan 17 zuwa sama. Batman: Arkham Knight na 2015 harafin M gare shi. Na Turai kuwa lamba suke sawa, kamar 12 ko 16 ko 18. Faifan da aka kwafa sau da yawa ba ya zuwa da kwali, don haka sai a tambayi sunan wasan a bincika.

Iyaye su ƙayyade lokaci da kuɗi, kada gem ya ci karatu ko aikin fadama. Uba ya zauna da ɗansa ko da sau ɗaya, ya kalla, ya tambaye shi: "In jarumin nan ya kama wanda bai ji ba bai gani ba, wa zai kai wa ƙara?" Shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi su ma su kawo wannan tambaya a zaurensu. Yaran sun fi mu sanin wasan, mu kuma mun fi su sanin abin da tsoro ke yi wa gari. Mu zauna tare.

Allah ya ba mu hikimar renon su. Amin.